Na'urar Baban Nasara Ta Tsaya

Boukoki, Yamai

Zuwa ga Yayana Yohanna,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Maryamu da yara, kuma sanyin Beljik bai matsa muku ba. Allah ya ƙara maka ƙarfi a wurin aiki, ya tsare fitarka da shigarka. Mu nan da sauƙi. Inna ta zo daga Dogon Dutsi an duba mata ido, an ba ta tabarau, ta koma tana cewa yanzu babu tsakuwar da za ta ɓoye mata a cikin gero. Nasara ta shiga ajin ƙarshe na koleji, ta yi tsawo har ta wuce ni. Ni kuma ina nan a ɗakin karɓar haihuwa kamar yadda ka bar ni.

Yaya, maganar surukinka Natanayel, Baban Nasara, ce ta sa na zauna rubutu. Ka san tun hatsarin moto da ya yi a hanyar Bobiel bara, lokotoro ya ce ƙafafun ba za su sake ɗaukarsa ba. Abin da ya riƙe shi a rayuwa shi ne tsohuwar ordinatar ɗin nan ta tebur, wato kwamfutar da ka aiko mana lokacin da wurin aikinku ya canza nasa. Da ita yake zana wa magina fulan na ƙananan gidaje. Kwanakin baya Malam Yacouba, abokin aikinsa na dā wanda ya buɗe biro, wato ofis, a Lamordé, ya zo ya ce masu gina gida yanzu ba sa gamsuwa da layuka a takarda, suna son su ga gidan kamar hoto, da haske da inuwa, tun kafin a haƙa tushe. Ya ce in Baban Nasara zai iya fitar da irin wannan, zai riƙa ba shi aiki kullum yana daga gida. Washegari Baban Nasara ya sa aka kira mai aski. Ya ce in goge masa riga, ya sa ta ya zauna gaban na'urar kamar mai zuwa biro. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin hatsarin.

Sai na'urar ta kasa. Da ya fara hoton sai ta daskare, fankarta ta yi ta kuka, daga baya ta mutu. Ya ce abu biyu take bukata: ƙarin memuwar, wato 'yan sandunan nan da suke kira baret, da kuma kart girafik mai fitar da hoto. Tunda shi ba ya iya hawa matakalar shaguna, ni na zama ƙafarsa. In na tashi daga aiki sai in bi masu sayar da kayan na'ura, in ɗaga waya ina nuna masa kwalaye, shi kuma yana karanta sunayen daga gida. Na haddace su kamar sunayen magani. A baret yana son Kingston ko Corsair. A kart kuwa ya bayyana mini cewa zuciyar ta Nvidia ce ko ta AMD, sannan wasu irin su Asus da MSI su yi mata jiki da fanka. Kowane mai shago markar da ke hannunsa yake yabo.

Mutum ɗaya ne ya gaya mini gaskiya, wani mai gyara da ake kira Ousmane. Ya ce babban faifan cikin na'urarmu ya tsufa, sababbin baret ba za su ma shiga raminsa ba, irin wanda yake karɓa kuwa sai okaziyo, wato na hannu. Ya ce kart mai suna yana son sabon akwatin wuta, kuma wasu ba za su shiga cikin jikin na'urar ba saboda tsawo. Ga tsada da ta hau kayan nan a bana, wadda duk ta fi ƙarfinmu. Da na kai wa Baban Nasara wannan magana sai ya ce Ousmane bai san kome ba.

A ƙarshe muka sayi baret biyu na hannu, kowane da markarsa, da wani kart a wani shago daban, cikin kwali mai ƙyalli, da sunan da babu wanda ya taɓa ji, kuma babu garanti. Baban Nasara ne ya zaɓa, ni ma ban hana ba, don shi kaɗai hannunmu ya kai. Kuma ya yi aiki, Yaya. Hoton farko da ya fito gida ne mai bene, da inuwar mangwaro kwance a tsakar gida, har kana ganin hasken yamma a jikin taga. Ya sa Nasara ta kira maƙwabta su gani. Mako bai cika ba, da tsakar rana ana zafi, kuran, wato lantarki, ya ɗauke ya dawo, sai muka ji ƙaurin ƙonewa. Ousmane ya buɗe ya ce tsohon kart ne aka wanke aka liƙa masa sabon suna, kuma da zai mutu ya tafi da ramin da aka soka shi a ciki. Mai shagon ya ce abin da ya fita ƙofarsa ya fita. Malam Yacouba ya jira iyakar jiransa, sannan ya zo da kansa, cikin mutunci, ya ce ya ba wani aikin.

Tun ranar Baban Nasara bai sake taɓa na'urar ba. Ousmane ya ce za ta iya yin layukan nan na dā, amma ko magina sun zo sai Baban Nasara ya ce in gaya musu ba ya jin daɗi. Ya sa na rufe ta da zane. Yakan tura kekensa bakin ƙofa ya zauna yana kallon masu wucewa har rana ta faɗi. Abinci sai na matsa. Pasto ya zo ya yi addu'a, shi kuwa amin kawai ya amsa. Da na ce masa za mu sake gwada wata marka, sai ya ce in daina wahalar da kaina, akwai abin da in ya tsufa ko ya karye babu sabon da zai shiga raminsa. Na san ba na'urar yake nufi ba. Na fita bayan ɗaki na yi kukana, na wanke fuska na dawo.

Ban rubuto don ka aiko da wani abu ba, na san nauyin da ke kanka. Kai ka san kayan nan, kai kuma ka san wannan na'ura tun tana sabuwa. Ka gaya mini gaskiya: akwai markar baret ko kart da za ta tashe ta, ko kuwa ta gama? Ni dai zuciyata ta riga ta ba ni amsa. Ousmane ya ce zai saye ta ya cire abin da ya rage mai amfani, na ce ya dakata sai na ji daga yayana. Ban gaya wa Baban Nasara ba tukuna. In amsar babu ce, ka rubuto mini ni kaɗai, don in nemi bakin da zan faɗa masa da shi.

Ka gai da Maryamu ƙwarai, ka ce mata na gode da saƙonta na Kirsimeti. Ka gai da Adamu da Aisa, ka ce gwaggonsu tana kewarsu. Inna da Nasara suna gaishe ku. Ku sa mu cikin addu'a, musamman shi.

Ƙanwarka,
Saratu