Malmala Ɗaya

Funtua,
9 ga Nuwamba, 1963.

Zuwa ga Yaya Jane,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da marasa lafiyar da kike jinya a can Zariya. Mu ma nan mun gode Allah. 'Yarki Adama tana gaishe ki, ta ce in tuna miki da ɗankwalin da kika yi mata alkawari tun bara.

Kin tambaye ni jikin Baban Adama. To, Yaya, labarin biyu ne. Kin san yadda fuka ta sa shi gaba tun da ya kama aiki a gidan gurzar auduga, har ta kai ba ya isa bakin ƙofa sai ya dafa bango. Fararen ƙwayoyin nan da likitan asibitin mishan ya ɗora shi a kai tun farkon damina, waɗanda kuke kira kotizon, sun yi aiki. Numfashi ya dawo. Ranar Lahadi har waƙa ya ja a majami'a da muryar nan tasa da ba ta taɓa daɗi ba, ni kuwa ina gefen mata ina share hawaye.

Sai dai maganin ya zo da nasa. Ƙishirwa ta kama shi, ya sha ruwa ya fita, ya dawo ya sha. Da na ga tururuwa na taruwa inda yake fitsari, na matsa masa muka koma asibiti. Malamin asibiti ya ɗiga fitsarin a wani ruwa shuɗi, ya ɗora a wuta, muna kallo ya rikiɗe ya koma ja kamar jar ƙasa. Likita ya ce ƙwayar ce ta tayar da sukari a jininsa, kuma ba dama a yanke ta kwatsam, don abin da zai biyo baya ya fi fukar muni. Abin da ya rage shi ne a tsare bakinsa. Ni likita ya kalla da yake faɗar haka, ba shi ba.

Ga dokar: tuwon dawa malmala ɗaya, ƙarama, sai a cika kwanon da miyar ganye. Zogale, rama, yakuwa, wake, gyaɗa, ƙwai, duk ya ci. Nono ya sha, amma ban da fura. Ban da zuma, ban da rake, ban da shayi mai sukari. Ke da kika san shi, mutumin da ya fara zuwa zance gidanmu saboda furar Inna, sai daga baya ya lura akwai ni!

Abin takaicin, ƙwayar tana buɗe ciki. Yana tashi daga kan kwano yana waiwayen tukunya. Na samo wata 'yar mara ƙarama da nake kwasar tuwonsa da ita, ya raɗa mata suna azzaluma. Yanzu dai muna dariyar abin. Wannan satin ruwan gwajin fitsarin bai koma ja ba, a kore ya tsaya, malamin ya ce na yi ƙoƙari.

Ki gaishe min da kowa da kowa. Ki sa mu a addu'a.

Taki ƙanwa,
Mairamu.

Funtua,
3 ga Janairu, 1964.

Yayata Jane,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina fata kun yi Kirsimeti lafiya kun shiga sabuwar shekara lafiya. Ɗankwali ya iso, Adama har kwana take da shi. Ni kam ban yi biki ba, Yaya, kuma yau sai kin yi haƙuri da ni, cikina a cike yake.

Kin san ranar Kirsimeti kwanuka ke yawo. Na maƙwabta na shigowa, namu na fita: shinkafa, waina, alkaki, nakiya. Duk wanda ya shigo sai in karɓa in yi godiya in wuce da shi ɗaki. Yana zaune a tabarma yana bin kowane kwano da ido. Da yamma ya roƙe ni alkaki ɗaya, ɗaya tak. Na hana. Shekara tara muna tare bai taɓa ɗaga min murya ba sai ranar. Ya ce ni ba matarsa ba ce, gandiroba ce.

Wannan duk mai sauƙi ne. Kashegari Tsohuwa, mahaifiyarsa, ta iso daga ƙauyensu na bayan Kafur, da ƙwaryar fura a kai da tulun zuma. Da ta ga fuskarsa sai ta hau guɗa. Ke kin san yadda ƙwayar nan take kumbura fuska, kumatu su cika, wuya ya yi kauri, alhali ƙafafu na ramewa. Ita ƙiba ta gani. Ta ce ɗanta ya warke, jiki na neman abinci, yanzu ne lokacin da za a ɗura masa ya mayar da ƙarfinsa.

Sai ga ni na fito da akushinsa, da malmalar nan ɗaya a tsakiyar miya. Ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa. Ba ta ce min komai ba, ɗanta ta tambaya ko hatsi ya ƙare a gidan ne. Yaya, da ƙasa za ta tsage da na shige. Kin san bakina, ba wanda nake bari a kasuwa, amma gaban surukata ko ɗaga ido ba na iya yi. Na durƙusa na fara kawo zancen likita, ta juya min baya. Na jira shi ya yi bayani. Ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu ya karɓi ƙwaryar furar, ya shanye tas.

Ba na ganin laifinta gaba ɗaya, kuma wannan ne ya fi ci min rai. Shi da kansa ya taɓa ba ni labarin shekarar yunwa, yana yaro, yadda ta binne ƙannensa biyu, ta rayar da shi da dusa da ganyen daji. Tun daga nan ta yi rantsuwa ba ɗan da ta haifa da zai sake tashi kan kwano bai ƙoshi ba. Yaya za a yi in gaya wa wannan mata cewa ƙoshi ne zai kashe mata ɗa?

Kafin ta tafi ta zaga unguwa. Yanzu in na je rijiya sai hira ta tsaya. An ce Mairamu tana yi wa mijinta awon tuwo, wai ina tara hatsin in kai gidanmu. Ruwan asibiti kuwa ya koma ja. Likita ya ce in aka ci gaba a haka sai allura kullum, kuma ya bar aikin auduga, don ƙurarta ce ke hana a rage ƙwayar.

Ki rubuto min ko da layi biyu ne. A gaida yara.

Ni ce,
Mairamu.

Funtua,
20 ga Maris, 1964.

Yaya,

Ina gaisuwa. Yaya gida, yaya aiki? Na ga takardarki, na gode da shawara, amma ta zo ta tarar ba wanda zan yi wa aiki da ita.

Sun tafi da shi. Da ya ajiye aiki, Baba Ishaya, ƙanin mahaifinsa, ya zo da saƙon Tsohuwa: tunda ba aiki, ya koma ɗakin uwarsa ta yi jinyarsa, kamar yadda ake yi. Ni kuma in zauna da Adama saboda makaranta. Ba a faɗi sauran ba, amma na ji shi. Na roƙi Baba Ishaya, na kawo masa duk abin da likita ya ce. Ya saurare ni da kyau, sannan ya ce ba a shiga tsakanin ɗa da uwa a kan abinci. Na ɗaure ƙwayoyin a tsumma na sa wa Baban Adama a aljihu, na cusa 'yar marar a cikin kayansa. Da motar Malumfashi za ta tashi bai kalle ni ba.

Makon jiya na je duba shi. Na same shi a gindin bishiyar bedi, randa a gefensa, yana ɗibar ruwa ba ƙaƙƙautawa. Fuska ɓul-ɓul, amma da na kama hannunsa ƙashi na ji. Ƙaya ta soke shi a ƙafa tun watan jiya, wurin ya ƙi warkewa. Sai da na yi magana ya gane ni, ya ce ido ne ke yi masa hazo-hazo.

Tsohuwa ta karɓe ni da fara'a, har da nuna min kumatunsa, in ga aikin hannunta. Da safe kunu da zuma, da hantsi fura, da rana dankali, da yamma tuwo malmala uku. Ita ke dakan da kanta, duk da tsufanta.

Da ta tafi ɗebo itace ya riƙe min zane. Ya ce in yafe masa maganar gandiroba. Ya ce ya sani sarai abin da abincin ke yi masa, yana jin sa a jikinsa. Amma in ta ajiye kwano ta zauna gabansa tana kallon bakinsa, yakan ga fuskarta ta shekarar yunwa, hannunsa ba ya iya tura kwanon baya. Ya yi alkawari in an yi ruwan fari an yi shuka zai nemi dalili ya dawo gida, in ci gaba da zaluntarsa da azzalumar marar nan. Dariya ya so in yi. Na yi, don kada ya ga abin da ke idona.

Na bi ta wurin fasto, ya ce zai je. Ina tsoro, Yaya. Ruwan fari da nisa.

Taki,
Mairamu.

Kafur,
14 ga Afrilu, 1964.

Yayata,

Ina gaishe ki da gaisuwar da ta rage min. Ina fata wannan takarda ta same ku lafiya. Na san saƙon baki ya riga ya iso miki, amma ina so ki ji daga gare ni.

Baban Adama ya rasu ranar Alhamis. Tun ranar Talata barci ya fara danne shi, a tashe shi ya sha ruwa ya koma. Suka ce gajiya ce. Da ya ƙi farkawa, Tsohuwa ta riƙa ɗiga masa ruwan zuma a baki don ya sami ƙarfi. Kafin Baba Ishaya ya samo mota ya aiko a kira ni, ciwo ya yi nisa. A hanyar asibiti ya cika, kansa a cinyata. Bai san na zo ba.

An binne shi a bayan majami'ar ƙauyen. Ina nan zaman makoki a ɗakin Tsohuwa, tabarmarmu ɗaya. Zuciyata ta karye, Yaya, ban san yadda zan faɗa miki ya wuce haka ba. Har da fushi a ciki. Ranar farko na ƙudura a raina sai na faɗa mata gaskiya a gaban kowa, kunya ta tafi inda za ta.

Sai na ji abin da take gaya wa masu zuwa gaisuwa. Kowa ya durƙusa, magana ɗaya take maimaitawa: ta gode Allah, wannan dai bai tafi da yunwa ba. Biyu sun tafi ciki wayam, amma wannan ta ciyar da shi har ranar ƙarshe, kowa ya ga fuskarsa. In ta faɗa sai ta ɗan sami natsuwa. Matan kuma su saci kallona, na san me suke tunawa.

Jiya ta kira ni ta miƙo min kayansa. 'Yar marar tana cikin aljihun rigarsa ta zuwa majami'a, tare da sauran ƙwayoyin. Ta juya ta a hannu, ta ce ba ta san me yake yi da mara ƙarama haka ba, ko tuwon yaye ba za ta kwasa ba. Sannan ta dafa kaina ta ce ta yafe min, yarinta ce ta sa ni rowa, in na girma zan gane. Na ce na gode.

Ga dalilin wannan takarda. An ce kina tafe ranar Asabar. Na san ki, na san kin san abin da ya kashe shi, kuma bakinki ya fi nawa. Don Allah, Yaya, in kin zo ki gaishe ta ki yi shiru. Kada ki wanke ni. Ni ina da Adama, ina da ke, ina kuma da abin da ya gaya min a gindin bedi. Ita maganar nan kaɗai gare ta, in aka ƙwace ba za ta kai damina ba. Shi ma da ransa ya saya mata ita. Gara a ci gaba da kirana mai awon tuwo.

Ki taho min da baƙin ɗankwali in kina da shi. Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki,
Mairamu.