Shan Iska a Bakin Kogi

Daren Asabar, Haɗejiya

Yau ma ba mu je bakin kogi ba. Tun muna jami'a nake wa Binta alkawarin kwale-kwale da gasasshen kifi, ga shi ruwa ya fara janyewa.

Da hantsi ta kira ni: "Ƙawata, na ce wa maigida za ni shan iska, wai in kunna fanka."

Na mayar da tabarma bayan ƙofa.

Suna da ta'aziyya kaɗai ba a hana ta zuwa. Rabon da mu zauna tare tun makokin kakarta, inda muka yi ta toshe dariya da mayafi.

Ƙawarmu Hauwa ta shiga watan haihuwa. Ban taɓa yi wa mai ciki addu'a da naci haka ba.