Amsar Tana Ƙasan Layi

Yaya Sista,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da sauran sistoci da majinyatanku. Yaya gwiwar nan taki? Kada ki ce mini da sauƙi, na san halinki, ko ƙafar ta karye haka za ki ce. Maman yara tana gaishe ki. Tun da har yau waya ba ta kamawa a wurinku, ga ni da biro da takarda kamar mutanen da.

Ki zauna kafin ki karanta wannan. Daga mako mai zuwa Fitilar Asabar za ta zama ta kuɗi. Na san za ki ce ba a sayar da maganar Allah. To Yaya, shekara shida ina rubuta darasin tauhidi kowane mako, ina tura wa mutum dubu biyu da ɗoriya ta imel. Ni ke sayen data, ni ke sayen littattafai, kwamfutar ma sai na tokare murfinta da ƙamus take tsayawa. Tun da na bar seminari, makarantar horar da limaman coci, ba ni da wata sana'a sai wannan da 'yar koyarwa. Ranar da aka koro yara saboda kuɗin makaranta, Maman yara ta ɗora takardar korar a kan kwamfutar ta fita. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Akawun cocinmu ya saita mini komai. Wanda ya biya zai karanta duka, wanda bai biya ba zai ɗanɗana farkon, sai layi ya tare shi. Ya ce haka kowa ke yi.

Zan buɗe da tambayar wani mai karatu da ke sa hannu da Direba. Ban san sunansa ba, ban san garinsu ba. Shekara biyu ke nan da wata yarinya ta faɗo gaban motarsa, ta rasu nan take. Kotu ta wanke shi, ya je gaban Fada, limamin cocinsu, ya furta zunubi har sau uku, amma ya ce zuciyarsa ta ƙi yarda an yafe masa. Kowace Asabar sai ya amsa mini, wani lokaci shafi guda cur. Yanzu ya tambaya kai tsaye, ko akwai wanda rahamar Allah ba ta kai gare shi. Ya ƙara da cewa duk abin da na faɗa, shi zai riƙe. Wannan maganar ta tsaya mini a rai.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Yaya Sista,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa ta lafa. Mu nan lafiya lau.

Fitila ta fita, mutum arba'in da ɗaya sun biya! Ki daina haɗa rai, na hango ki daga nan.

Kuma ba don ni na rubuta ba, darasin ya yi kyau. Na bi tsarin tsoffin malaman Coci da aka hore mu da shi: ka fara jero hujjojin ɓangaren da ba ka goyon baya, da dukan ƙarfinsu kamar ka yarda da su, sannan ka ce "amma ni na amsa cewa", ka rushe su ɗaya bayan ɗaya. Hujja uku na kawo. Ta farko, jinin marar laifi ba ya shiru a gaban Allah. Ta biyu, wanda aka gafarta wa ya ci gaba da shakka ya fid da rai ke nan, fid da rai kuwa zunubi ne da ke rufe ƙofar tuba. Ta uku, manzon da ya ci amanar Ubangiji shi ma ya yi nadama, bai kuma tsira ba. Bayan nan na cika shafi huɗu ina nuna cewa babu ko ɗaya da ta shafi Direba, haɗari ba kisan kai ba ne, kuma ciwon da yake ji alama ce zuciyarsa na da rai. Da na buɗe a kwamfutata na sake karantawa, ni kaina sai da na share ido.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. Minti goma sha biyu da turawa, amsarsa ta shigo: "Na gode, Malam. Na samu amsata. Ba zan ƙara damunka ba." Shi ke nan fa. Mutumin da ke cika shafi! Maman yara ta ce ai wanda ya warke ba ya dogon bayani. Wataƙila. Amma yaushe ya gama shafi huɗu a minti goma sha biyu? Jiya a coci wurin Misa na kasa bin karatu ko ɗaya.

Ki gaishe da kowa.

Naki,
Auta

Yaya,

Ina fata kina lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun.

Jiya Talata Katekis, mai koyar da addini a cocinmu, ya faɗo mini gida ko sallama babu, da takarda a hannu, yana tambayata yaushe na bar bangaskiya. Ya buga darasin ne don ya liƙa a allon sanarwa, shi kuwa bai biya ba. Shafi ɗaya tak ya fito. Hujjojin nan uku ne reras, sai jimlar da ta rufe su: "Saboda haka, ga alama akwai wanda rahamar Allah ba ta kai gare shi." A ƙasanta layi, a ƙasan layin kuma: "Biya don ci gaba da karatu."

Wayyo Yaya! Ashe Akawu ya saita layin ya riƙa faɗawa bayan sakin layi na uku, ni kuma kwamfutata duka take buɗe mini tun da ni ne mai abin. Bai san yadda muke gina darasi ba, ni ban tambayi inda wuƙar za ta sauka ba. Ban ga laifinsa ba, nawa ne.

Na duba jerin imel na waɗanda suka biya, da yatsa nake bi kamar ɗan aji ɗaya. Babu Direba.

Nan take na cire layin, na sake tura wa kowa cikakke. Shi kuma na rubuta masa sau bakwai. Na'urar tana nuna wanda ya buɗe saƙo, bai buɗe ko ɗaya ba. Na je wurin Fadan cocinmu, ya ce ba suna ba gari, ta ina za a fara? Ina ta tuna yadda manzon nan na hujja ta uku ya ƙare da rataye kansa, da hannuna kuma na rubuta ta. Ina jin tsoro, Yaya, ba zan ɓoye miki ba.

Ki roƙi sistoci su yi masa addu'a. Ku ce Direba kawai, Allah ya san shi.

Auta

Yaya Sista,

Na gaishe ki. Ban san ko wasiƙun baya sun iso ba.

Ranar Alhamis da hantsi sanarwa ta shigo, an biya kuɗin wata daga adireshinsa. Na durƙusa a tsakar ɗaki ina godiya, har Maman yara ta baro wanki da kumfa a hannu. Ba a yi awa ba saƙo ya biyo baya, daga matarsa.

Ta ce ranar Lahadi da safe ya yi wanka, ya sa kayan zuwa Misa, ya ajiye waya da makullin mota a kan tebur, har da carbin rosarin da ke rataye a madubin motar, ya fita da ƙafa. Bai je coci ba, bai dawo ba. Sun zaga asibitoci da ofishin 'yan sanda. Da ta samu aka buɗe mata wayar, tsohon saƙona ta tarar a buɗe, ya tsaya a kan layin. Sai ta biya daga kuɗin cefane, tana zaton abin da ke ƙasa zai nuna mata inda ya nufa. Cikakken da na tura kyauta yana nan a samansa, ba ta lura ba.

Ta ce ta karanta shafi huɗun sau biyu. Ba ta zage ni ba. Ga yadda ta rufe: "Malam, wannan maganar yake jira shekara biyu. Me ya sa ka ajiye ta a ƙasa?"

Na mayar mata da kuɗinta, amma tambayar har yanzu ban amsa ba. Ni da ke da amsar kowa, Yaya.

Yau Asabar. Na tura Fitila kyauta, da amsar tambayar Direba a layin farko, kafin gaisuwa ma. Na zauna gaban kwamfutar ina jira, can ta nuna an buɗe daga wayarsa. Na san ba shi ba ne.

Ki rubuto mini, ko faɗa ne.

Ƙaninki,
Auta