Hannun Atine a Shafi na Tara

Takoma Park, 4 ga Maris, 1985

Yaya Furera,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Mu nan sai godiya, in ban da ciwon bayan da ɗaukar kaya a sito ya bar mini.

Na taɓa ba ki labarin tsohuwar da ke saman bene a gidan da muke haya, Hinda Zalkin, Bayahudiya. Littattafan yara take rubutawa, ita ke zana hotunan da kanta, ta yi talatin da ɗaya. Tana shekara tara aka kawo ta ƙasar nan daga Poland a jirgin ruwa, yanzu tana da saba'in da huɗu, idonta ya fara dishi-dishi. Tun rasuwar uwar Atine ita ke riƙe mini yarinyar in an taso makaranta, ban taɓa jin ta ce ta gaji ba. Na faɗi wannan ne don kada in ci haƙƙinta.

To, ta yi littafi a kan Atine, wai ta je Zariya ganin kakarta. Ni na ba ta hoton Inna, Allah ya ji ƙanta, ta kuwa fito da ita sak, har billen kuncinta. Amma a shafi na tara, Yaya, Atine ce ke miƙa wa Inna kwanon fura da hannun hagu. Na ce ta gyara. Ta ce, "Dabo, 'yarka bahaguwa ce, abin da na gani na zana." Na ce a wurinmu wannan zagi ne. Ta ce ita ma bahaguwa ce, malamarsu a New York har ɗaure mata hannu take yi a jikin kujera, kuma da hannun nan ta ci da kanta duk rayuwarta. Ina ruwana da kujerarta? Shekara goma sha ɗaya ina haɗiyar wulaƙanci a ƙasar nan. Ba zan haɗiye a buga 'yata marar tarbiyya a raba wa duniya ba. Na rubuta wa kamfanin da zai buga littafin cewa ban yarda ba.

Ƙaninki,
Dabo

Zariya, 2 ga Afrilu

Autan Inna,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso. Na karanta sau biyu, na yi dariya har Malam ya leƙo.

Wa ya gaya maka badame aka haife ka? Kai ma bahago ne. Kana shekara huɗu Baba ya naɗe maka hannun da tsumma wata uku cur, kana kuka kana ɓarar da miya. Da ya fita kasuwa sai Inna ta kwance, ta ce ka miƙo mata ludayi da wanda ya fi maka sauƙi, ta karɓa ta sa maka albarka. Ni ce mai gadin zaure. Ta hana ni faɗa maka don kada ka riƙe Baba a zuciya.

Matar nan ba ta taɓa ganin Inna ba, amma ta fi ka saninta. Hau ka ba ta haƙuri. Ka shafa mini kan Atine da duk hannun da ka ga dama.

Yayarka,
Furera

Takoma Park, 29 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarki ta zo, amma ta kamfanin ta riga ta.

Kin san abin da mutanen nan suka yi? Ba su tambayi tsohuwar ba. Juya hoton suka yi a wurin bugu, yadda madubi ke juya mutum, hagu ta koma dama, wai sun kashe magana. Har da aiko mini samfuri da takardar godiya. Yanzu Atine da dama take miƙawa, Inna ce ke karɓa da hagu, billenta ya ƙaura ɗaya kuncin, sa hannun Hinda a gindin shafin ya koma baibai. Shekara arba'in matar nan tana yi musu aiki, ko waya ba su ga ta isa su buga mata ba.

Na hau sama da samfurin. Ta ɗauko gilashinta mai ƙara girman abu, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Wannan ba Atine ba ce." Ranar ta janye littafin. Likita ya ce idon ba zai kai baɗi ba, ke nan wannan ne na ƙarshe, kuma ni na jawo. Ba ta yi mini faɗa ba. Shayi ta zuba mini, da ma zagina ta yi. Atine kuma ta tambaye ni da Turanci ko hannunta ne ya ɓata littafin.

Ina fushi da su, ina fushi da Baba, Allah ya gafarta masa, na kaina ya fi duka. Jibi zan hau jirgin ƙasa zuwa New York, inda kamfanin yake. In sun ƙi ganina, a bakin ƙofarsu zan wuni. Abin da takarda ta ɓata, sai ƙafa.

Ki sa mu a addu'a,
Dabo

Takoma Park, 18 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ga littafin nan ya fito, sun mayar da hoton yadda aka zana shi, ki buɗe shafi na tara. Hinda ba ta iya ganinsa, Atine ce ta kama mata yatsa ta bi da shi kan hoton, daga kwanon har hannun.

Ki yi haƙuri da rubutun nan kamar tonon kaza. Da hagu na yi.

Ƙaninki,
Dabo