Ɗauka Daga Ƙasa

Assalamu alaikum Inna,

Ina fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau nake a Istanbul, sanyi ne dai ke ɗan daskarar mini da yatsu. Kada ki damu, a dai aiko mini da yaji.

Inna, an yabe ni a aji! A makarantarmu ta fim an koya mana ɗauka daga nesa, daga kusa, daga sama. Da aka ce mu ɗauki wani dattijo, na kasa tsaya masa a kai, sai na durƙusa na ɗauka. Malam ya ce ɗauka daga ƙasa tana ƙara wa mutum kwarjini, wa ya koya mini?

Na ce, "Innata, a tsakar gidanmu a Daura."

Allah ya bar mana ku.

'Yarki,
Zubaida