Babur Ɗin Sale Ya Yi Shiru

Assalamu alaikum, Yaya Habu. Ya aiki, ya iyali, ya jikin Binta? Mu a Babura lafiya lau.

Babur ɗin da ka bar wa ƙanenmu Sale ne ya dame ni. Ya kai shi Kazaure an danne ƙarar salansa, an daidaita kafireta, wai don ya rage shan mai. Yaushe Sale ya fara tattalin mai? Yanzu sulalewa yake ta hanyar iyakar Nijar, jiya kuma na tsinci kuɗin sefa a aljihunsa wajen wanki.

Ka ja masa kunne. A gaida yara, a sa mu a addu'a, musamman Inna. Da ƙarar babur ɗin take sanin Sale ya dawo lafiya, yanzu kullum kunnenta na ƙofa.

Ƙanwarka, Asabe.