Yaya Zan Yi Sallama da Baba Tela?

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ni ɗaliba ce, ina shekarar ƙarshe a karatun kula da walwalar jama'a. Makarantarmu ta tura ni sanin makamar aiki a wani gidan kula da tsofaffi, kuma wallahi abin da na koya a 'yan watannin nan ya fi duk abin da na haddace a aji. Gani ya kori ji.

Na je da kai cike da karatu, baki kuwa kamar rediyo. Shugabar da ke duba aikina, wadda muke kira Anti Agogo a bayan idonta saboda ba ta yafe latti, ita ta fara sauke min girman kai. Ta haɗa ni da wani dattijo, tsohon tela, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa hannunsa na dama. 'Ya'yansa sun kawo shi, sun tafi neman abinci a nesa. Ba ya magana da kowa, kullum yana kujerar bakin taga yana kallon igiyar shanya. Ta ce in zauna kusa da shi in kama bakina, kada in yi masa tambaya ko ɗaya. Ni da ake cewa a gida ko a barci surutu nake! Haka na yi ta zama kamar an dasa ni, har ranar da ya kalli hannun rigata ya ce duk wanda ya ɗinka ta bai ji tsoron Allah ba. Dariyar da na yi ita ta buɗe ƙofa.

Yanzu dasa maɓalli yake koya min. Ya koma cin abinci cikin mutane, yana yarda a motsa masa hannun, kuma jikata yake kirana. Kakana ya rasu ina goye, don haka ki san yadda kalmar nan take shiga raina.

To ga damuwar. Lokacina ya kusa ƙarewa, ban kuma gaya masa ba. Masu shara sun ba ni labari cewa ɗalibin da ya riga ni zama da shi, tafiya ya yi ba sallama, tun daga nan Baba ya rufe bakinsa. Anti Agogo ta ce dole in sanar da shi tun yanzu, in riƙa shigowa da ma'aikaciyar da za ta karɓe ni muna zama mu uku, kuma ba a ba da lambar waya. Ina ganin girman shugabar nan tawa, ita ta mayar da ni mutum a aikin, amma wannan ya yi min tsauri. Zuciyata na cewa in yi masa alkawarin zuwa duk mako, alhali makarantarmu da nisa, ga jarrabawa a gaba. Jiya na buɗe baki zan faɗa, sai ya miƙo min allura in zura masa zare, na haɗiye maganar. Ina tsoron ya koma gidan jiya saboda ni.

Taki, Jikar Aro.

'Yata Jikar Aro,

Ki fara da gode wa Allah da ya haɗa ki da shugaba mai tsauri da dattijo mai baki. Ɗalibai da yawa suna gama irin wannan zaman ba su koyi komai ba sai hanyar ofis.

Zuciyarki ba ta yi laifi ba. Wanda ba ya jin zafin rabuwa bai dace da aikin nan ba. Amma a nan shugabarki ta fi ki gaskiya. Alkawari kaya ne, kuma ke da kanki kin lissafo dalilan da za su hana ki ɗauka. Mako biyu za ki zo, na uku jarrabawa ta riƙe ki, shi kuwa ya yi wanka ya zauna jira. Wannan ya fi tafiyar ɗalibin can ciwo. Dokar waya kuma don kare ku biyun aka yi ta, domin gobe tsofaffi ashirin za ki riƙe, ba ɗaya ba.

Jinkirin nan da kike yi, kanki kike tausaya wa, shi kuwa lokacin shiri kike cinye masa. Ki same shi gobe da safe kafin ku taɓa kayan ɗinki. Ki faɗa masa ranar tafiyarki a fili, da dalilin, da abin da kika ƙaru da shi a wurinsa. In ya yi fushi ya juya miki baya, ki dawo jibi kamar kullum. Ki jawo sabuwar ma'aikaciyar, ki gaya mata abin da yake so da abin da ke ɓata masa rai. Ki roƙi shugabarki ta tuntuɓi 'ya'yansa, ko kiran waya ne su riƙa yi. Batun ziyara bayan kin gama kuwa, ki tambayi tsarin gidan. In an yarda ki je, amma kada ki sa masa rana.

Zai yiwu ya yi kuka, ke ma ki yi, ba komai, sabo ake yi wa kuka. Mutumin da aka saba bari ba ko waiwaye, wannan karon za a tsaya a gabansa a nemi izininsa kafin a tafi. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki sa'ar jarrabawa, ya sa albarka a aikinki.

Antinku.